Aikin leza a ido: kada garin neman gira a rasa ido

Tallan ya cika Facebook da TikTok, wai cikin minti goma sha biyar mutum zai yi bankwana da tabarau har abada. Wani tallan daga asibitocin Alƙahira ko Delhi ko Dubai yake fitowa, wani kuma daga bakin dillalan da ke haɗa wa mutum biza da masauki da likita a dunƙule, ya je ranar Litinin ya dawo ranar Juma'a. Maganar minti goma sha biyar gaskiya ce. Aikin yana da kyau, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna godiya. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake sayar da shi tamkar aski. Lafiyar wannan aiki ba a ɗakin tiyata take ba. Tana wurin awon da aka yi kafin a taɓa idon, da bibiyar da za a yi watanni bayan an taɓa shi, kuma waɗannan biyun su ne tafiyar kwana biyar take fara zubarwa.

Abin da ake yi wa aikin ita ce fatar nan mai kama da gilashin agogo da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Idan ta yi tabo ta yi fari, ita ce muke cewa hakiya ta fito. Ba rufi kawai ba ce. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi daga gare ta yake, wajen lamba 43 cikin kusan 60 a ma'aunin da ake rubuta tabarau da shi. Mai matsalar gani daga nesa, wanda ake rubuta wa lamba irin -3.00, idonsa ya cika tsawo ko koniyarsa ta cika tudu, sai hoton ya haɗu kafin ya isa bangon bayan ido. Abin da leza, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, ke yi shi ne ta fere tudun ya ɗan kwanta. Lambar tabarau ce ake sassaƙawa a jikin idon, ba wani abu ba. Don haka ba ta cire yanar ido, ba ta maganin hawan jinin ido, ba ta gyara ɓarnar ciwon sukari a bayan ido. Wannan ya kamata a faɗa da babbar murya, domin akwai masu jin kalmar leza su ɗauka maganin kowace irin cutar ido ce.

Kaurin koniya a tsakiyarta rabin milimita ne da ɗan ɗoriya. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma yawancin mutane suna tsakanin 520 da 550. Silin gashi guda yakan kai 50 zuwa 100. Abin da aka fere daga wannan kauri ba ya tsirowa. Jari ne da ba a ƙara masa uwa, cira kawai ake yi.

Tarihin aikin ya isa ya sa mutum ya yi hattara da zumuɗi. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyet ya yaɗa wata dabara ta tsattsaga koniya da wuƙa, tsaga huɗu ko takwas ko fiye, a jere kamar sifokin keke, don tsakiyar ta kwanta. Mutane sun ajiye tabarau, duniya ta yi ta yabo. Sai da aka bi marasa lafiyar shekara goma a Amurka aka ga cewa a kashi 43 cikin ɗari na idanun koniyar ta ci gaba da kwanciya har lambar ta gusa da ɗaya ko fiye ta nufi ɗaya ɓangaren. Leza ta zo ta kori wuƙar. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da ita don aikin PRK a 1995, ta amince da LASIK a 1999, sannan SMILE a 2016. Waɗannan nau'o'i uku na aikin leza sun fi tsagar Fyodorov inganci nesa ba kusa ba, amma darasin yana nan: ba a yanke wa aikin koniya hukunci washegari.

Ga yadda LASIK take a kan gadon. Ba allura, ba barci. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido a buɗe. Sai a ɗora wani zobe da ke tsotse idon ya riƙe shi cak. A nan mutum zai ji an danne masa ido, gani ya dushe ko ya ɗauke ɗif na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, kuma wanda ba a gargaɗe shi ba a nan yake firgita. Cikin wannan lokacin leza ta farko, ko wata 'yar reza mai inji a tsohon salo, tana yanka marfi siriri a saman koniya, kaurinsa maikiron 100 zuwa 120 idan da leza aka yi, a bar gefe ɗaya a manne kamar bangon littafi. Likita ya ɗaga marfin. A ce wa mutum ya zuba wa wani ɗigon haske ido. Leza ta biyu ta fara ƙas-ƙas-ƙas, kowane bugu yana tashin kusan rubu'in maikiron, sai ɗan ƙauri ya tashi kamar ana babbakar gashi. Ba a cika kai minti ɗaya ba. A wanke, a mayar da marfin, ya manne ba tare da ɗinki ba. Washegari yawancin mutane suna karanta allon gwaji ba tabarau.

PRK ba ta da marfi. Ana kankare fatar saman, wadda kaurinta wajen 50 ne, galibi bayan an jiƙa ta da ruwan alkohol mai ƙarfin kashi 20 na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, a yi sassaƙar a kai tsaye, a rufe da gilashin mannawa, wato wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, na kwana huɗu ko biyar har fatar ta sake tofowa. Kwana biyu zuwa uku na farko akwai raɗaɗi da hawaye sosai, ganin kuma yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita. Shi ya sa ba ta da farin jini a wurin mai gaggawar komawa gida. Amma tana bar wa koniya ƙarfi fiye da LASIK, kuma ba ta da marfin da zai goce. Marfin LASIK ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Likita yana iya sake ɗaga shi bayan shekaru, naushi ko reshen itace ma suna iya yin haka. Soja da ɗan dambe da ɗan kokawa, PRK ta fi dacewa da su. Aibinta shi ne wani hazo da ke iya fitowa a koniya yayin warkewa, wanda zafin hasken rana ke ƙara wa ƙarfi. A irin ranarmu baƙin tabarau na watanni dole ne, ba ado ba. SMILE kuwa leza ce ke yanka wani ɗan faifai a cikin naman koniya, a zaro shi ta ƙofa mai faɗin milimita 2 zuwa 4.

Yanzu lissafin, wanda duk mai shirin kwanciya a gadon nan ya kamata ya iya yi a bayan ambulan. Kowace lamba ɗaya ta tabarau tana cin maikiron 12 idan faɗin wurin da aka fere milimita 6 ne, tana cin kusan 14 idan 6.5 ne. A ɗauki mai lambar -6.00: sassaƙarsa za ta ci wajen 85. A haɗa da marfi 110, an taɓa 195. Idan koniyarsa 540 ce, saura 345 a ƙasa su riƙe idon. Idan 480 ce, saura 285. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada abin da ya rage ya gaza 250, likitoci masu taka-tsantsan ba sa sauka ƙasa da 300, akwai kuma ma'aunin da ke cewa idan abin da aka taɓa ya kai kashi 40 cikin ɗari na kaurin duka, haɗari ya ƙaru. Mai 540 yana kan kashi 36, mai 480 ya tsallaka 40. Lambar tabarau ɗaya, farashi ɗaya, amma ɗaya ya cancanta, ɗaya bai cancanta ba. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: bincike da dama ya nuna cewa baƙaƙen fata, a jimlace, koniyarsu ta ɗan fi ta Turawa siranta.

Me ke faruwa idan an ci jarin ya wuce kima? Ruwan cikin ido yana tura bangon gaba dare da rana. Bangon da aka raunana sai ya fara kumburowa a hankali, ya yi tsini, ganin ya murɗe ta yadda tabarau ba ya iya gyara shi. Ba a satin farko yake nunawa ba. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, lokacin da dillali ya daɗe da canza lambar waya.

Mafi yawan waɗanda wannan ke samu, dama koniyarsu tana da rauni a ɓoye. Akwai cutar da ake kira keratokonas, inda koniya ke siranta ta yi tsini da kanta, galibi daga shekarun balaga. A farkonta ba ta da wata alama sai yawan canjin tabarau, wannan shekara wata lamba, baɗi wata. Kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da murzar ido. Duk wanda ya taɓa shiga layin asibitin ido a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san yaran nan masu ƙaiƙayin ido: farin idon ya rine ya koma ruwan ƙasa, kwantsa tana ja kamar zare, yaro ya dunƙule hannu yana dirzar ido da gaɓar yatsa kamar zai ƙwaƙule shi. Yaron da ya yi shekara goma yana wannan dirza, shi ne saurayin da tabarau ba ya gamsar da shi, kuma shi ne zai fi kowa ɗokin tallan leza. Shi ne kuma wanda LASIK za ta fi cutarwa. Allon haruffa ba ya tona wannan cuta. Abin da ke tona ta na'urar da ke zana taswirar koniya ce, gabanta da bayanta da kaurinta a kowane lungu, irin su Pentacam. Taswirar ma tana yin ƙarya idan mutum bai cire gilashin mannawa ba: mai laushi sai an ajiye shi sati ɗaya zuwa biyu, mai tauri sati uku zuwa huɗu ko fiye. Wanda ya sauka daga jirgi jiya da gilashin a idonsa, aka auna shi yau, aka yanka gobe, an gina masa aiki a kan taswirar bogi.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. Shekara 18 zuwa sama, lambar kuma ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, domin lambar tana motsi a lokacin. Ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, cututtukan da garkuwar jiki ke cin jiki, da maganin ƙurajen fuska na isotretinoin, duk dalilai ne na dakatawa.

Bushewar ido ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma tallan ba ya ambatonta. Koniya tana cike da jijiyoyin ji, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ido yana buƙatar hawaye. Yankan marfi yana datse su, sai sun yi watanni suna sake tsirowa. A binciken da FDA ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, har kashi 28 cikin ɗari na waɗanda ba su da bushewar ido kafin LASIK sun same ta bayan wata uku, har kashi 46 na waɗanda ba su da wani ƙorafin gani sun fara ganin sabon abu, kamar zobe ko tartsatsi a kewayen fitila da dare. Adalci ya sa a ƙara da cewa waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi ɗaya ba, kuma fiye da kashi 95 sun gamsu. To amma a Amurka aka yi wannan awo. Ba a yi shi a kan mai tuƙa babur a titin Zariya cikin hunturu ba, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙura ta rufe rana. Wanda zai yi aikin a watan Nuwamba ya dawo gida, ya zaɓi mafi munin lokaci. Direban dare kuma, wanda fitilun tirela ke dallare masa ido tsakanin Kaduna da Abuja, ya tambayi girman ɗigon baƙin idonsa a duhu da faɗin wurin da za a fere, tun kafin ya biya kuɗi.

Bibiya bayan aiki tana da jadawali: washegari, bayan sati, bayan wata, sai wata uku da wata shida. Ba don cin kuɗi aka tsara shi ba, kowace matsala da lokacinta. Marfi yakan goce ko ya tattare a kwanakin farko, musamman idan an murza ido cikin barci. Akwai wani kumburi da ke shiga ƙarƙashin marfin cikin satin farko, wanda likitoci suka laƙaba wa yashin Sahara saboda kamanninsa a na'ura. Idan an gan shi da wuri maganin ɗigawa ya isa, idan an makara yana narkar da naman. Ƙwayoyin cuta na iya shiga, shi ya sa ake hana ruwa shiga ido da shafa kwalli na sati ɗaya zuwa biyu, kuma ya kamata mai alwala ya tambayi yadda zai wanke fuska. Fatar sama tana iya kutsawa ƙarƙashin marfi bayan makonni. Wanda ya hau jirgi a rana ta uku ya bar duk wannan ba mai dubawa.

Sai maganar da ta fi damuna, hawan jinin ido. Bayan aikin ana ba da maganin ɗigawa mai sitiroyid, na sati ɗaya ko biyu a LASIK, na wata ɗaya zuwa uku a PRK. A wasu mutane wannan magani yana tayar da matsin ido cikin makonni, ba zafi, ba ja. A garuruwanmu kuwa idan kwalba ta ƙare, kemis ake zuwa a sayo wata, domin tana sanyaya ido. Ga kuma tarko na biyu: na'urar awon matsin ido tana danna koniya ne ta ji taurinta, koniyar da aka fere kuwa ta fi laushi, sai awon ya riƙa fitowa ƙasa da gaskiya har ƙarshen rayuwa. Babban binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya sa hawan jinin ido a matsayi na biyu cikin abubuwan da ke makantar da mutane, bayan yanar ido. Mutumin da aka yi wa LASIK yana ɗan shekara 28, ya je awo yana ɗan 50 bai faɗa ba, za a iya ce masa lafiya lau alhali jijiyar gani tana mutuwa. Haka idan yanar ido ta zo masa a tsufa: lissafin madubin roba da ake dasawa yana rikicewa a idon da aka fere, tsofaffin alƙaluma suna taimakawa. Saboda haka takardun da mutum zai dawo da su sun fi rasit muhimmanci: lambar tabarau da tudun koniya da kaurinta kafin aiki, hoton taswirar, sunan aikin, kaurin marfi, da adadin da aka fere.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa 'yan shekara 35 zuwa sama. Da an haura 40, madubin cikin ido yana taurara, karatu na kusa ya fara wuya, kuma leza ba ta hana wannan. Mai lambar -2.50 yana da wata baiwa da bai sani ba: idan ya cire tabarau, abin da ke nisan santimita 40 tar yake ganinsa, har tsufa. Tela da mai ɗinkin hula da mai gyaran waya da alaramman da ke rubutu da alƙalamin kara, a wannan nisan suke cin abinci. A fere musu lambar, su ga nesa garau, bayan 'yan shekaru su koma neman tabarau don zura zare a allura. Musaya ce, kuma mai sana'ar ne ya kamata ya yanke ko ta yi masa.

Za a ce ina tsorata mutane daga abin da miliyoyi suka amfana da shi. Ba haka nake nufi ba. Mai lambar -4.00 ɗan shekara 27, koniya mai kauri, taswira mai tsabta, hawaye isasshe, likita kuma a garin da zai iya komawa, ya yi abinsa, da wuya ya yi nadama. Na kuma san tabarau ba ƙaramin kaya ba ne a wurinmu, inda ake tsokanar yaro da ido huɗu, ake kuma yaɗa camfin cewa gilashi yana ƙara kashe ido. Abin da nake cewa shi ne asibitin da bai taɓa mayar da kowa gida ba a yi masa ba, to ba ya awo. Dillalin da ladansa ke fitowa daga yawan kawunan da ya kai, ba shi ne zai ce wa mutum koniyarsa ta yi siriri ba. Ya kamata Majalisar Likitoci ta Najeriya da ƙungiyar likitocin ido su sa doka a kan wannan talla: kada a karɓi kuɗin aiki kafin taswira, a ba mutum takardar haɗurra cikin harshen da yake ji, Hausar boko ko ta ajami, ya kwana da ita, kuma a rubuta sunan likitan da zai duba shi a gida tun kafin ya tashi.

Idan kuma gwamnatin jiha ko wani attajiri zai sayi na'ura don asibitin ido, leza ta fere lamba ba ita ce ta farko a layi ba. Wancan binciken na ƙasa ya nuna cewa fiye da rabin masu matsakaicin raunin gani tabarau kawai suka rasa. Bayan tabarau, abin da ya fi cancanta shi ne na'urar taswira da na'urar ƙarfafa koniya. Wannan aiki na ƙarfafawa, wanda likitocin Dresden a Jamus suka bayyana a 2003, ba shi da tsada idan aka gwada shi da leza. Ana kankare fatar sama, a riƙa ɗiga ruwan bitamin B2 mai ƙarfin kashi 0.1 na minti talatin, a haska wani haske na musamman na wasu minti talatin, zaruruwan koniyar su sarƙe su yi tauri. Ba ya mayar da ganin da ya tafi, tsayar da cutar yake yi inda ya same ta, kuma yana son kaurin da ya kai maikiron 400. Ma'ana sai an kama yaron da wuri, yana sakandare, ba bayan tsinin ya yi tabo ba.

Wanda aka makara da shi, ko keratokonas ce ta ci shi ko LASIK da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, sauran gilashin mannawa mai tauri, in ya gagara sai dashen koniya. Koniyar dashe kuwa daga mamaci ake samunta. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a duniya koniya ɗaya ce ake samu ga kowane mutum 70 da ke jira. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci da izininsa ko na magadansa tun zamanta na Jidda a 1988, amma a ƙasar Hausa, inda ake rufe mamaci cikin sa'o'i kaɗan, har yau ba a saba ko da tayar da zancen a gidan rasuwa ba.